Amsoshin Tambayoyinku: Me Ya Raba Halin Bajamushe da na Ba'amurke?

Tambaya: Ina da 'ya'yan ƙannena biyu a ƙasar waje. Ɗaya yana karatun injiniya a Stuttgart ta ƙasar Jamus, ɗayan yana aiki a Houston ta Amurka. Duk ranar da Allah ya haɗa su a gida, gardama ce har dare. Na Amurka ya ce Jamusawa ba su da fara'a, ba su san darajar baƙo ba. Na Jamus ya ce fara'ar Amurkawa iyakarta leɓe. Ni kuwa a iya sanina Bature Bature ne. Don Allah a fayyace mini bambancin al'adun ƙasashen da ke magana da Jamusanci da na Amurka, da kuma inda ya samo asali. Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Ba wanda ya yi ƙarya cikin yaran nan naka. Kowa ya faɗi abin da ya gani, sai dai ya auna shi da abin da ya saba. Zaton da ka yi cewa Bature Bature ne ma yana da tushe, domin mutanen nan dangin juna ne. Sama da Amurkawa miliyan 40 ke cewa kakanninsu Jamusawa ne. Tun 1683 wasu gidaje 13 daga garin Krefeld suka sauka a Pennsylvania suka kafa unguwar da har yau ake kira Germantown, daga nan kuma ayari bai yanke ba sai cikin ƙarni na 20. Mutumin da ya kafa kamfanin wandon jins na Levi's ɗan Bavaria ne. Kakan Donald Trump daga ƙauyen Kallstadt ya tashi a 1885. Yaƙin Duniya na Ɗaya ne ya shaƙe harshen a can: da Amurka ta shiga yaƙi da Jamus a 1917, jihohi da dama suka hana koyar da Jamusanci, jaridunsu suka riƙa rufewa, wasu gidajen har sunansu suka canza.

Ƙasashen Jamusanci da za mu yi magana a kansu uku ne: Jamus mai mutum kusan miliyan 83, Ostiriya mai kusan miliyan 9, da Suwizalan, ita ma wajen miliyan 9, inda kimanin kashi 60 cikin 100 ke jin Jamusanci a matsayin harshen gida. Akwai ƙananan wurare irin su Liechtenstein da Luxembourg da wani yanki na arewacin Italiya, amma mu bar su.

Mu fara da fara'a, tunda ita ta haɗa yaran faɗa. Gardamar ta girme su. Wani masanin halayyar ɗan Adam mai suna Kurt Lewin, Bayahude da ke koyarwa a Balin, ya bar Jamus zuwa Amurka a 1933 lokacin da Hitler ya hau mulki, kuma a 1936 ya rubuta maƙala a kan wannan batu daidai. Idan za mu juya bayaninsa zuwa fasalin gidan Bahaushe, sai mu ce zauren Ba'amurke faffaɗa ne, ƙofa a buɗe, duk wanda ya zo a shimfiɗa masa tabarma a yi raha, amma can ƙuryar gida ba kowa ke kaiwa ba. Bajamushe kuwa zaurensa ɗan ƙarami ne, ƙofa a rufe, za ka daɗe kana sallama. Ranar da ya ce ka shigo, har tsakar gida za ka wuce.

Shi ya sa Ba'amurken da kuka zauna kusa da juna a jirgi zai ba ka labarin rabuwarsa da matarsa, ya kira ka aboki, ya ce wata rana sai ka zo gida cin abinci. Ba gayyata ba ce, gaisuwa ce, kuma idan ka bayyana a ƙofarsa ranar Asabar shi ne zai fi ka mamaki. Bajamushe in ya ce ka zo cin abinci, zai ciro ɗan littafinsa ya tsayar da rana da sa'a, ko da makonni uku ne masu zuwa. Abokansa ba su cika wuce a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba. Sauran duk sanayya ce, ko da sun shekara 20 suna aiki a ofis ɗaya. Harshen kansa yana tsare wannan iyaka. Kamar yadda Bahaushe kan ce wa babba "ku", haka Bajamushe ke ce wa wanda bai saba da shi ba "Sie" tare da sunan gidansu, ya ajiye "du" don dangi da abokai da yara. Babba ne ke ba ƙarami izinin sauka zuwa "du". Matasa da ma'aikatan sababbin kamfanoni sun sassauta abin sosai, amma yaronka na Stuttgart ba zai yi gangancin kiran farfesansa da sunan yanka ba, alhali na Houston da sunan yanka yake kiran shugaban kamfaninsu.

Haka abin yake wajen yabo da gyara. Shugaba Ba'amurke zai fara da cewa aikinka ya yi kyau ƙwarai, ya saƙa gyaran a tsakiya, ya rufe da wani yabon. Bajamushen da ya ji haka zai tafi gida yana zaton an yaba masa. Shi kuwa in zai yi gyara, ce maka zai yi shafi na huɗu kuskure ne, ya yi shiru, kuma a ganinsa ya girmama ka ke nan, tunda bai ɓata maka lokaci ba. Mutanen yankin da Stuttgart take har karin magana gare su, cewa rashin faɗa ma ya isa yabo.

Kada ka ɗauka wannan ƙaramin abu ne, Malam, don ya taɓa cin kuɗi masu yawa. Walmart, kamfanin kantuna mafi girma a duniya, ya shiga Jamus a 1997 da salon Amurka. Aka umarci ma'aikata su riƙa yi wa masu sayayya murmushi, su taru da safe su yi kirarin kamfani da ƙarfi, su zuba wa mutane kaya a leda. Jamusawa suka ga abin banbaraƙwai. An ba da labarin cewa wasu maza sun ɗauki murmushin 'yan matan kanti a matsayin neman soyayya. Kamfanin ya kawo dokar hana soyayya tsakanin ma'aikata, kotun ƙwadago a Düsseldorf ta yi watsi da ita a 2005. Ba al'ada kaɗai ta kayar da shi ba, domin ya tarar da kantunan Jamus na Aldi da Lidl sun riga sun karya farashi, amma a 2006 ya sayar da kantunansa 85 ya fita da asarar kusan dala biliyan ɗaya. Abin dariyar shi ne Aldi, wanda ya shiga Amurka a 1976 da halinsa na Jamus, mai karɓar kuɗi a zaune, kowa ya zuba kayansa da kansa, yau yana da kantuna sama da 2,000 a can.

Amma in ka tambaye ni inda babban bambancin yake, ba a fuska yake ba. Yana wajen tambayoyi biyu: idan mutum ya faɗi, wa ke da alhakin ɗaga shi? Kuma wa ke da ikon ce masa kada ka yi? Waɗanda suka kafa Amurka mutane ne da suka baro sarakuna da limaman Turai, suka yi tawaye ga sarkin Ingila a 1776, sannan a 1791 suka ƙara wa kundin tsarin mulkinsu gyare-gyare goma da kusan dukkansu jerin abubuwan da gwamnati ba ta da ikon yi ne. Tun daga nan Ba'amurke ke kallon hukuma da ido ɗaya a buɗe. Bajamushe bai je ko'ina ba. A ƙasarsa ya zauna ya ga sarauta ta rushe a 1918, ya ga kuɗinsa sun zama takarda a 1923 har dala ɗaya ta kai mark tiriliyan 4.2, ya ga mulkin Hitler da kisan Yahudawa miliyan shida, ya ga biranensa sun zama kufai a 1945, ya ga ƙasar ta rabu biyu har 1990. Darasin da ya ɗauka ba na a rage hukuma ba ne. Ya ɗauka cewa a ɗaure kowa da doka, har ita hukumar, kuma kada a bar rayuwar mutum a hannun sa'a.

Ranar Lahadi kaɗai ta isa misali. Kundin tsarin mulkin Jamus na 1949 ya gaji wani sashe daga na 1919 wanda ya ware Lahadi a matsayin ranar hutu. Kantuna a rufe suke, ban da gidajen burodi da gidajen mai da na tashoshin jirgi. Manyan motocin kaya ba sa hawa hanya sai ƙarfe goma na dare. Ba a yankan ciyawa da inji, kuma in ka kunna na'urar huda bango maƙwabci zai ƙwanƙwasa maka ƙofa. Da birnin Balin ya yarda a buɗe kantuna Lahadi huɗu a jere kafin Kirsimeti, coci-coci suka kai ƙara, kotun tsarin mulki ta ba su gaskiya a 2009. Ostiriya da Suwizalan haka suke. A Houston kuwa, garin da masu zuwa coci suka fi na Balin yawa nesa ba kusa ba, Lahadi babbar ranar kasuwa ce. Ba'amurke na ganin wa ya isa ya hana shi sayar da kayansa. Bajamushe na ganin idan aka buɗe, mai kanti ne zai zaɓa, ma'aikaciyar kanti ba ta da zaɓi.

Wannan tunani ne ya ratsa duk harkar aiki. Doka ta ba ma'aikaci a Jamus hutun makonni huɗu a shekara da albashinsa, yawancinsu ma kusan shida suke samu; a Ostiriya biyar ne. A Amurka babu dokar tarayya da ta tilasta a ba ma'aikaci hutun ko da kwana ɗaya da albashi. Idan Bajamushe ya kwanta ciwo, mai aikinsa zai biya shi cikakken albashi har makonni shida, sannan asusun inshora ya karɓa. Mai ciki tana da makonni 14 na hutun haihuwa, kuma iyaye na iya karɓar tallafi har watanni 14. Abin da dokar Amurka ta 1993 ta tanada makonni 12 ne ba albashi, shi ma ba ga kowane ma'aikaci ba. A duk jihohin Amurka in ban da Montana ana iya sallamar mutum yau ba tare da an faɗa masa dalili ba, muddin ba don launin fatarsa ko addininsa ko makamancin haka ba ne. A Jamus kuwa, tun 1976, duk kamfanin da ya wuce ma'aikata 2,000 rabin kujerun majalisar da ke sa ido a kansa na wakilan ma'aikata ne.

Inshorar lafiya ta dole shugaban gwamnatin Jamus Bismarck ne ya kafa ta a 1883, ba don tausayi ba, don ya janye ma'aikata daga bin 'yan gurguzu. Ta Amurka kuma kusan da tsautsayi ta samu: lokacin Yaƙin Duniya na Biyu gwamnati ta hana ƙarin albashi, sai kamfanoni suka koma jan ma'aikata da inshorar lafiya. Har yau yawancin masu aiki ta wurin aikinsu suke samunta, wanda ya rasa aiki yana iya rasa likita, kuma a 2023 mutum kusan miliyan 26 ba su da ita sam. Sai dai ba kyauta Bajamushe ke samun nasa ba. In aka haɗa haraji da kuɗin inshora, kusan kashi 48 cikin 100 na abin da kamfani ke kashewa a kan ma'aikaci marar iyali ba ya shiga aljihunsa; a Amurka wajen kashi 30 ne. Don haka in na Houston ya nuna wa ɗan'uwansa takardar albashi ya yi masa dariya, yana da hujja.

Ga wani abu da kan ɗaure wa baƙo kai. Duk wanda ya canza gida a Jamus dole ya je ofishin gari ya yi rajista cikin makonni biyu, a Ostiriya ma kwana uku. Kowane ɗan ƙasa daga shekara 16 dole ya mallaki katin shaida ko fasfo. Amurka ba ta da katin ɗan ƙasa, kuma da za a ce kowa ya riƙa sanar da hukuma inda ya koma, da an ji ihu. To amma Bajamushen nan da ya ba hukuma adireshinsa ba gardama, shi ne da Google ya zo ɗaukar hotunan tituna a 2010, gidaje kusan 244,000 suka nemi a dusashe hoton gidajensu. Jihar Hessen ce ta fara kafa dokar kare bayanan mutane a duniya, a 1970. Dalilin a fili yake: waɗanda suka ga 'yan sandan ciki na Hitler, sannan suka ga na Jamus ta Gabas masu ma'aikata kusan 91,000 ban da 'yan rahoto da ke cikin maƙwabta da dangi, sun san abin da fayil ke iya yi wa mutum. Har gobe akwai gidajen abinci a Balin da ba sa karɓar kati sai tsabar kuɗi.

A maganar faɗin albarkacin baki ne hanyoyin suka fi rabuwa. Kundin Jamus ya buɗe ne da mutuncin ɗan Adam, wanda ya ce ba a taɓa shi. Gyaran farko na kundin Amurka kuwa ya hana majalisa taƙaita magana. A Jamus musanta kisan Yahudawa laifi ne da ke kai mutum kurkuku har shekara biyar, haka nuna alamar 'yan Nazi laifi ne, kai ko zagi da yatsa a kan titi ana cin tara a kansa. Ostiriya ta yanke wa marubucin nan ɗan Ingila David Irving ɗaurin shekara uku a 2006 saboda musanta kisan. A Amurka, cikin 1977, 'yan Nazi suka nemi yin maci a Skokie, garin da ke cike da Yahudawan da suka tsira daga sansanonin Hitler, kotuna suka ce suna da 'yancin yi, kuma lauyan da ya tsaya musu Bayahude ne. Ka lura da inda wannan ya shafe mu. A Amurka doka ba ta kama wanda ya ƙona Alƙur'ani ko tutar ƙasar kanta. A Ostiriya kotu ta ci wata mata tara saboda ɓatanci ga Manzon Allah (SAW), kuma kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai ta tabbatar da hukuncin a 2018. A maganar bindiga ma sun rabu: wani ƙiyasi na 2018 ya nuna Amurka tana da bindigogi 120 ga kowane mutum 100, Jamus wajen 20.

Addini kuma abin mamaki ne, domin a juye yake. A Amurka an raba gwamnati da coci, ba a koyar da ibada a makarantun gwamnati, amma mutanen masu addini ne, kuma da wuya ɗan takarar shugaban ƙasa ya gama jawabi bai roƙa wa Amurka albarkar Allah ba. A Jamus gwamnati ce ke karɓa wa coci haraji: in ka rubuta a rajista cewa kai ɗan Katolika ne ko ɗan Furotesta, za a ɗora maka kashi 8 ko 9 cikin 100 na harajin albashinka. Ana koyar da addini a makarantun gwamnati. Duk da haka coci-cocin sun zama kango, kuma a 2022 aka bayyana cewa mambobin manyan coci biyu sun koma ƙasa da rabin al'umma. Shugabannin gwamnatin Jamus Gerhard Schröder a 1998 da Olaf Scholz a 2021 sun yi rantsuwar kama mulki ba tare da ambaton Allah ba, ba wanda ya ɗaga hankali. Tambayar abokin aiki addininsa, ko albashinsa, ko wanda ya zaɓa, shiga sharo ba shanu ne.

Ga Musulmi wannan yana da fuska biyu. Musulmin Jamus sun kai wajen miliyan biyar da rabi, kusan rabinsu 'yan asalin Turkiyya, sun fi na Amurka yawa duk da girman Amurka, don haka nama na halal da masallaci ba su da wuyar samu a manyan birane. Ostiriya ta amince da Musulunci a hukumance tun 1912, bayan ta haɗiye Bosniya. Amma al'ummar da ta saba ɓoye addini a cikin gida takan tsargu in ta gan shi a fili. Jihohin Jamus da dama sun hana malamai mata sa ɗankwali a aji, sai a 2015 kotun tsarin mulki ta soke hanin bai ɗaya. A Suwizalan, cikin 2009, kashi 57.5 na masu ƙuri'a suka amince a hana gina hasumiyar masallaci, a lokacin da hasumiyoyi huɗu kacal ke ƙasar. A 2021 suka hana rufe fuska. A Amurka kuwa kotun ƙoli a 2015 ta ba wata Musulma gaskiya a kan kantin da ya hana ta aiki saboda hijabi, kuma a 2019 majalisar wakilai ta canza tsohuwar dokarta don 'yar majalisa Ilhan Omar ta zauna da ɗankwalinta. A nan, a ganina, Amurka ta fi sakin mara, duk da dokar hana shigowar 'yan wasu ƙasashen Musulmi da aka yi a 2017.

Sauran ƙananan abubuwa za mu bi su da sauri. Yaro ɗan 16 a Jamus yana iya sayen giya amma ba zai tuƙa mota shi kaɗai ba sai ya kai 18. A yawancin jihohin Amurka yana tuƙi a 16 amma giya sai 21. Tsiraici a wurin wankan turiri ba komai ba ne ga Bajamushe, amma yana ƙyamar zubar da jini a fim. Ba'amurke akasin haka. A gidan abinci na Amurka tukuicin kashi 15 zuwa 20 kusan wajibi ne, domin dokar tarayya ta yarda a biya mai kawo abinci dala 2.13 kawai a awa. A Jamus ɗan cikon canji ya isa, sai dai ruwan sha ma saya za ka yi. Fiye da rabin Jamusawa haya suke zaune, ba sa ganin haka gazawa, alhali kusan kashi 65 na gidajen Amurka na masu zama a ciki ne, galibi da bashin shekara 30. Karyewar jari a Jamus tabo ne. A Amurka labari ne da ake bayarwa da alfahari. Kamfanin mota na farko da Henry Ford ya jagoranta rushewa ya yi.

Makaranta ta cancanci mu ɗan tsaya. Jami'o'in gwamnati a Jamus sun daina karɓar kuɗin karatu tun 2014, ko da yake jihar da Stuttgart take tana karɓar yuro 1,500 a kowane zango daga ɗaliban da ba 'yan Tarayyar Turai ba tun 2017, yaronka zai tabbatar maka. Bashin karatu da ke kan Amurkawa ya haura dala tiriliyan 1.6. Amma tsarin Jamus yana da nasa rashin tausayin: a yawancin jihohi, tun yaro yana ɗan shekara goma ake tantance ko hanyar jami'a zai bi ko ta koyon sana'a, kuma 'ya'yan baƙi da na talakawa ne suka fi faɗawa ta biyun. Koyon sana'ar ba abin rainawa ba ne, shekara biyu zuwa uku da rabi ake yi tsakanin kamfani da aji ana biyan yaro, kuma a Suwizalan kusan kashi biyu cikin uku na matasa ita suke bi. Sai dai ƙasa ce ta takardar shaida. Koyar da yaro a gida maimakon makaranta laifi ne a Jamus, halal ne a duk jihohin Amurka 50.

Kada kuma ka haɗa ƙasashen uku a buhu ɗaya. Ɗan Biyana, babban birnin Ostiriya, yana ganin Bajamushe ba shi da ladabi da barkwanci, shi kuwa son laƙabi gare shi, ba ya kiran mutum bai jero masa digirinsa da muƙaminsa ba. Ɗan Suwizalan ya fi su duka kewaye-kewaye a magana, kuma karin harshensa ya yi nisa har gidajen talabijin na Jamus kan rubuta fassara a ƙasa in yana magana. A wasu abubuwan ma ya fi kama da Ba'amurke: harajinsa kaɗan ne, inshorar lafiyarsa daga kamfanoni masu zaman kansu yake saya, sojan ƙasar yana iya ajiye bindigarsa a gida, kuma a 2012 da aka tambaye su ko a ƙara hutun shekara zuwa makonni shida, kashi biyu cikin uku suka ce a'a. Kiyaye lokacin da ake yabon Jamusawa da shi ma ya koma can. A 2024 jiragen ƙasa masu dogon zango na Jamus kusan kashi 62 cikin 100 ne kawai suka isa a kan lokaci, har Suwizalan kan tsayar da wanda ya makara a Basel don kada ya ɓata mata jadawali.

Saura maganar baƙo, wadda na san ita ce ta fi damunka. Tun 1868 kundin Amurka ya ce wanda aka haifa a ƙasar ɗan ƙasa ne, ko da yake a 2025 Shugaba Trump ya sa hannu a wani umarni na taƙaita hakan, magana ta tafi kotu. Jamus kuwa da jini take ƙirga ɗan ƙasa bisa dokar 1913, har shekarar 2000 kafin ta fara ba 'ya'yan baƙi da aka haifa a can takardar zama ɗan ƙasa, kuma sai Yunin 2024 ta yarda kowa ya riƙe fasfo biyu. Ostiriya har yanzu ba ta cika yarda da biyu ba. A Suwizalan sai ka shekara goma, kuma ƙaramar hukumar garin da kake tana da ta cewa. Doka ta canza a Jamus, amma zukata ba su gama biyo ta ba: jikan Baturken da aka haifa a Köln har yau ana tambayarsa daga ina ainihi ya fito. Wariyar launin fata tana ɓangarorin biyu. A shekara ɗaya, 2020, aka kashe George Floyd a Minneapolis, aka kuma harbe mutum tara 'yan asalin ƙasashen waje a Hanau ta Jamus. Jam'iyyar AfD mai ƙyamar baƙi ta zo ta biyu a zaɓen Jamus na 2025, takwararta FPÖ ta zo ta ɗaya a Ostiriya a 2024.

In ka ce in yi hukunci, zan ce Amurka ta fi saurin mayar da baƙo ɗan gida, amma in ya kwanta ciwo ko ya rasa aiki, shi da Allahnsa da 'yan'uwansa na masallaci. Jamus za ta yi masa magani, ta biya masa haya, ta koyar da 'ya'yansa kyauta, tana kuma iya ci gaba da kiransa baƙo har ya tsufa. Wanda zai je can ya koyi Jamusanci tun kafin ya tashi, domin wasiƙun hukuma da yarjejeniyar haya duk da shi ake rubuta su, kuma kowace wasiƙa tana ɗauke da wa'adin da ba a ɗagawa don mutum bai gane abin da ta ƙunsa ba.